Takardar Yabo da Tsintsiya: Wa Ake Gani a Ma'aikatar Magajin Gari?

A kusan kowace ma'aikatar magajin gari da na taɓa shiga a jihar Damagaram akwai wani allo kusa da ƙofa. Wani na katako ne, wani kuma bango ne kawai da aka saba manna masa takarda har fentinsa ya ɓare. A nan ake liƙa labaran gidan: an canza wa wane biro, wance ta tafi hutun haihuwa, akwai taro ranar kaza, an gode wa su wane saboda ƙoƙarinsu. Duka da Faransanci, da hatimi a ƙasa. Wajen ƙarfe takwas, sa'ad da ma'aikatan biro ke jingine baburansu suna leƙa allon, matan da suka fito sharar titi tun bayan asuba sun riga sun ɗaure tsintsiyoyinsu sun koma gida. Ko da sun tarar da takardar ma, akasarinsu ba za su iya karanta ta ba. Su labarin gidan a baki yake zuwa musu, daga mai gadi ko direba, kuma kafin ya iso ya sha gishiri.

Na daɗe ina kallon wannan allo a matsayin hoton yadda ake rabon yabo a ƙananan hukumominmu. Mutane sukan ɗauka matsalar son kai ce kurum, shugaba ya zaɓi ɗan gaban goshinsa. Akwai wannan, ba musu. Amma ko an kawo shugaba mai adalci kamar sikeli, zai tarar tsarin da ke hannunsa ba ya ganin kowa. Wanda yake da fayil shi yake gani. Mafi yawan masu aikin da ya fi wahala kuwa ba su da shi.

Sai an san su wane ne ma'aikatan kafin a gane haka. Ƙananan hukumomi irin na yau ba tsofaffi ba ne a Nijar. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓensu na farko a faɗin ƙasa, su 265. A 2010 aka tattara dokokinsu a kundi guda, aka kuma ba Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram matsayin birane na musamman. Daga nan birnin Zinder, wato Damagaram, ya kasu gundumomi biyar, kowace da nata biro, ga kuma babbar ma'aikata a samansu. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen birnin sun haura 300,000, jihar kuma ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙasar. Garin da ya riƙe hedkwatar mulkin mallaka har 1926 ba baƙon aikin takarda ba ne, amma wannan sabon nauyi ya zo masa ne ba tare da isassun ma'aikata ko kuɗin biyansu ba.

Saboda haka a ƙarƙashin rufi ɗaya za ka sami mutane hawa-hawa. Akwai wanda gwamnatin tsakiya ta aro wa gari, albashinsa daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, ko gari ya tara kuɗi ko bai tara ba. Akwai wanda garin ya ɗauka na dindindin. Akwai ɗan kwantaragi. Akwai matashin da ya gama jami'a aka turo shi hidimar ƙasa, da wanda ya zo koyon aiki ya shekara uku yana zuwa kullum da fatan wata rana a tuna da shi. Can ƙasa kuma ga masu shara, da masu yashe magudanan ruwa, da masu amalanken kwasar juji, da masu yanka tikiti a kasuwa da tasha waɗanda rabonsu wani kaso ne daga abin da suka tara. A 2019 an yi wa ma'aikatan ƙananan hukumomi doka tasu ta kansu, kuma ci gaba ne. Sai dai doka tana fara aiki ne a kan mutum daga ranar da aka rubuta sunansa a takardar ɗauka. Wanda aka ce masa da baki "gobe ka fito da shebur", bai shiga ba tukuna.

Yabon hukuma a tsarin da muka gada daga Faransa matakala ce. Ƙasanta wasiƙar jinjina daga shugaban ma'aikata. Sama da ita akwai takardar shaidar gamsuwa, wadda ƴan boko ke kira témoignage officiel de satisfaction. Can ƙoli kuma lambobin girma na ƙasa, waɗanda akan maƙala wa mutane a manyan ranaku irin su 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya. Kowane mataki da hanyarsa: shugaba ya rubuta sunanka, a haɗa da shekarun aikinka, da makin da aka riƙa ba ka, a tura sama. Takardar in ta fito ba ado ba ce kawai, fayil ɗinka take shiga, ta zama shaida ranar da za a duba ƙarin matsayi. To matar da ta shekara goma sha biyar tana share hanyar Kasuwar Dole, wane fayil za a jawo mata? Ba wanda ya hana a yaba mata. Kawai dai babu aljihun da za a saka yabon.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda in an kauce mata duk sauran surutu ne. Ma'aikacin ƙaramar hukuma daga tukunyar garinsa yake ci. Abin da ke shiga tukunyar kuwa sananne ne: lanho, wato harajin kai, wanda masu unguwanni da masu gari ke taya tarawa, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, na mayanka da na kasuwar dabbobi, kuɗin takardu, na filaye, sai kason da gwamnati ke mayar wa gari daga wasu harajin, wanda ba kullum yake isowa a kan kari ba. Hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi tana taimakawa, amma ba ita za ta ɗauke wa gari nauyin albashin kowane wata ba. A karkara lamarin ya fi tsanani, don manomi da kaka yake biyan lanho. Shekarar da damina ta yi gardama, ma'aji sai ya zauna yana kallon akwati. Bashin albashi na wata da watanni a ƙananan hukumomin ƙasar nan ba sabon labari ba ne ga duk mai sauraron rediyo. A 2016 kuma aka ƙara musu kaya, aka ce su karɓi wani ɓangare na harkar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Kayan sun iso da wuri, guzurin yana tafe a hankali.

A irin wannan hali, ka tara jama'a a rumfa, ka kira mutumin da yake bin ka albashin wata uku, ka miƙa masa takarda cikin gilashi ana tafi, me kake tsammani zai ji? Zai karɓa da hannu biyu, don ɗan Damagaram ba ya kunyata babba a bainar jama'a. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2012, sefa 30,047, ya fi shekara goma bai motsa ba kafin a ƙara shi, alhali tiyar hatsi ba ta tsaya jiran kowa ba, kuma da yawa daga masu aikin yini ko wannan jika talatin ɗin ba sa gani. Ban ce a daina ba da takarda ba. Na ga dattawa da suka rataye tasu a zaure suna nuna wa jikoki, kuma farin cikinsu na gaske ne. Abin da nake cewa, takardar da ta biyo bayan albashi girmamawa ce, wadda ta zo a madadinsa kuwa toshiyar baki ce, kuma ma'aikata sun fi kowa sanin bambancin.

Akwai wata karkata da ba a cika lura da ita ba, kuma ita ta fi damuna. Aikin gari kashi biyu ne: wanda ake iya ƙirgawa da wanda ba a iyawa. Mai yanka tikiti yana dawowa da yamma da kuɗi a hannu, a rubuta adadi. A ƙarshen shekara ba wuya a ce wane ya fi kowa tarawa, ga kyautarsa. Wannan yana da daɗin lissafi, amma a duba abin da ake koya masa. In yawan kuɗi ne kaɗai ma'auni, wanda zai ci kyauta shi ne wanda ya fi matsa wa mai tallar awara da tsohuwa mai ƴar tiren goro, ba wanda ya yi haƙuri ya fahimtar da babban ɗan kasuwa har ya soma biya da kansa ba. Na farko ya cika akwati bana, ya kuma ƙara wa gari maƙiya. Na biyu amfaninsa sai baɗi ko baɗin waccan, lokacin da an manta wanda ya shuka.

Ɗauki kuma magatakardan da ke rubuta takardar haihuwa. Nasararsa ita ce kada a ji komai. Sunayenmu da rubutun Faransanci fuska da yawa gare su: Mahamadou, Mahaman, Mamane, Mamadou, duk mutum ɗaya ne a gida amma mutum huɗu ne a takarda. Harafi ɗaya in ya kauce a littafin rajista, ba wanda zai sani sai bayan shekara goma sha biyar, ranar da yaro zai shiga jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a ce sunan ubansa bai dace ba, a tura iyaye kotu. Doka ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, wanda ya wuce sai ya bi ta hannun alƙali, don haka magatakardan kirki ba zama yake yi kawai ba, bibiyar ungozoma da masu unguwa yake yi kada jarirai su zarce wa'adi. Wanda ya yi wannan shekara ashirin babu kuskure ya tsare wa dubban gidaje wahala. Amma wahalar da ba ta auku ba, ba ta da hoto. Abin mamaki, mutumin da sana'arsa ita ce shigar da sunayen mutane cikin littafin ƙasa, sau da yawa yana zaune kusa da mai koyon aikin da sunansa ba ya cikin littafin ma'aikatar.

Haka mai yashe magudana. Mu a Zinder ruwa ya zame mana abu biyu: da rani mu neme shi mu rasa, muna bin masu kura da jarka, da damina kuma ya zo ya fi ƙarfin gari. Garin a kan duwatsu yake, ruwa ba ya nitsewa, gudu yake yi ya nemi kwari. A farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, labarin ya zagaya duniya. Ba wanda zai ce shebur ne zai hana irin ruwan shekarar nan ɓarna. Amma akwai unguwannin da ruwa ya wuce salin-alin saboda wasu mutane sun shiga magudana har gwiwa a watan Mayu da Yuni, cikin zafin bazara, suna fitar da yashi da leda. An haramta ledar nan tun 2014, ga ta nan kuwa tana toshe kowace kafa. Gidan da bai faɗi ba ba ya shiga labarai, kuma ba a san sunan wanda ya tsare shi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Siyasa tana ƙara wa lamarin nata. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, aka yi a 2011, aka yi a Disamba 2020. Kowane sabon magajin gari da mutanensa yake zuwa, waɗanda suka yi masa yawon neman ƙuri'a suna jiran tukwici, kuma guraben da suka fi sauƙin rabawa su ne na ƙasa-ƙasa, inda ba a buƙatar takardar makaranta. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Kantoma ba ya bin jam'iyya bashi, wannan riba ce. Amma baƙo ne a gidan, kuma babu majalisar da wani zai miƙe ya ce an manta da wane. Ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, ciwon ɗaya ne: sanin wanda ya yi aiki a cikin kan shugaba yake zaune, in ya tafi ya tafi da shi. Sabon zuwa kuma wanda ya riga kowa isa kunnensa shi yake sani. Mai aikin gaske yana can bakin aiki lokacin da ake gaisuwar safe a biron shugaba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ba baƙin girmama mai sana'a ba ne. A fadar Sarkin Damagaram ana naɗa wa mutum rawani saboda sana'arsa. Mahauta da sarkinsu, maƙera da nasu, wanzamai da nasu. Ranar hawan ƙaho, mahaucin da ya tari bijimi gari duka ne shaidarsa. Irin wannan yabo da Hausa ake yinsa, da ƙarfi, a gaban maƙwabta da surukai, kuma a nan ƙarfinsa yake. Abin da mutum ke so shi ne matarsa da ƴaƴansa su ji an ambaci sunansa da alheri, mutanen unguwa su zo taya murna. Takardar da aka sa wa hannu a biro aka kulle a durowa ba ta yin wannan. Sai dai al'adar ma da nata illar, kada mu yaudari kanmu. Maroƙi wanda ya ba shi yake wasawa. Shi ya sa yabon zamani a wurinmu sama yake hawa, ba ya gangarowa: ƙungiya ta buga allon girmamawa ta kai wa shugaba, a ɗauki hoto, a fito da ɗan abin sawa a aljihu. In kuma ƙaramin ma'aikaci ne ya samu, sai anko da walima da sallamar masu kiɗa su cinye abin da ya fi kyautar. Na san wanda ya ci bashi don ya yi bikin takardar da ba ta zo da ko dala ba.

A tuna Zinder Sabuwa, Disamba 2018, lokacin da garin ya karɓi bikin cikar Jamhuriya shekara 60. An yi tituna, an kunna fitilu, gari ya yi fes. A tambayi duk wanda ya ga bikin ya kawo sunayen manyan da suka zo, zai jero su. A ce ya kawo sunan mutum ɗaya cikin waɗanda suka kwana suna kwashe shara kafin baƙi su sauka.

Yanzu labarin gidan aiki ya bar allo ya koma waya. Kowace ma'aikata da zaurenta na WhatsApp, kuma saƙon murya ya yi wa wanda bai yi lakwal ba gata babba, don a karon farko yana jin magana daga tushe. Shafukan Facebook na ƙananan hukumomi kuwa har yau hoton shugaba ne a gaba, ma'aikata a baya kamar labule: an rubuta sunansa da muƙaminsa cikakke, su kuma "ma'aikatan tsafta". Ƙara sunaye uku a ƙarƙashin hoto ba ya cin ko tamma. Sabon kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. In akwai inda ya kamata a fara ganin wannan canji, ai allon ƙofar ma'aikatar magajin garin Damagaram ne, da gidajen rediyon garin da kowa ke saurare a shago da bisa babur.

Amma ko da wane harshe aka rubuta, a tambayi ma'aikata labarin da suke jira. Ba taron bita da aka yi a otal ba ne. Suna son su ji yaushe albashi zai fito, in kuma zai makara a faɗa musu dalili tun da wuri don su san abin da za su gaya wa mai shago. Suna son su ji gurbi ya buɗe kafin a cike shi, ba bayan an cike ba. Suna son sanin ta wace hanya aka zaɓi wanda aka yaba, da ko abokan aikinsa an tambaye su. Sannan, fiye da komai, ko kuɗin da ake yanka a albashinsu da sunan CNSS, asusun da ke biyan kuɗin ritaya, yana isa can. Duk ranar 1 ga Mayu ƙungiyoyin ƙwadago suna miƙa wa hukuma littafin koke-kokensu, amma mai aikin yini ba ya cikin ƙungiya, kukansa a bakin magudana yake tsayawa.

Akwai wani dattijo da muke sallar asuba tare, ya yi aikin kai-da-kawon takardu a wata ƙaramar hukuma tun yana da ƙarfinsa har gashinsa ya yi fari. Da zai bar aiki aka yi masa ɗan taro, aka ba shi turmin shadda da takardar godiya cikin gilashi, an rubuta shekarar da ya fara da wadda ya gama. Ya rataye ta a zaure. Da ya je neman kuɗin ritaya sai aka ce shekarunsa na farko ba su cikin lissafi, don lokacin da baki aka ɗauke shi, ba a shigar da sunansa ba sai daga baya. Ya koma ma'aikatar, waɗanda suka san farkonsa wasu sun rasu, wasu an canza musu gari, littattafan da kuma gara ta yi musu aiki.

Wata safiya bayan an sallame ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, zo ka duba mini wani abu." Muka shiga zauren. Ya sauko da gilashin, ya sa tsinke yana ɗaga ƴan ƙusoshin baya a hankali kada takardar ta yage.

"Baba, me za ka yi da ita?"

"Duk duniya ita kaɗai ce ta faɗi shekarar da na fara, kuma da hatiminsu. Ka kai mini a buga ta biyu."

Na kai aka buga a wani shago a Sabon Gari, muka haɗa da sauran takardunsa aka miƙa. Ya mayar da ta asalin cikin gilashinta, amma bai sake rataye ta ba. Tana cikin jakar fatar da yake ajiye takardar gida, ƙarƙashin katifa.